Maigidana ya hana ni shiga binciken sankarar bakin mahaifa, in yi a ɓoye?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekaruna 38, 'ya'yana biyar, biyu daga aurena na fari, uku a gidan da nake yanzu. Mu biyu ne a wurin maigida, ni ce amarya. Makon jiya na kai autana rigakafi, sai wata ma'aikaciyar lafiya ta tara mu ta ce ana wani bincike a kan sankarar bakin mahaifa. Ta nuna mana wani dogon tsinke mai auduga a kai, ta ce mace za ta shiga ɗaki ita kaɗai ta ɗebo ruwan gabanta da kanta, a kai ɗakin gwaji a duba ko tana ɗauke da wata ƙwaya wai ita HPV. Kyauta ne, har da kuɗin mota. Raina ya kwanta da abin, domin ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, jini ne ya yi ajalinta. An yi ta rubutu da hayaƙi ana cewa sammu ne, ko da aka kai ta asibiti aka ce sankarar bakin mahaifa ce, ta riga ta ci ƙarfinta. Tun lokacin nake son a duba ni, amma kunya ta hana, ba zan iya kwanciya a buɗe ni ba, balle a ce namiji ne.

Da na zo da takardar gida, maigida ya ce ba za a yi gwaji da matarsa ba. Hajiyarsa ta goya masa baya, ta ce ba ta manta abin da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau ba. Abokiyar zamana kuma ta yar da magana, wai ta ji ciwon na matan da ba su kame kansu ba ne. In ban yi ba ina tsoron irin ƙarshen Inna, in na yi kuma aka ce ina da ƙwayar, da wane ido za a dube ni, ni da na taɓa aure? Sannan anya abin da na ɗebo da hannuna zai yi daidai kuwa? Ƙawata ta ce in je in yi shiru, tunda ranar rigakafi ba mai tambayata. In yi a ɓoye ne, ko in haƙura?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Inna, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Abin da na gani a wasiƙarki shi ne mace mai hankali wadda ta ga abin da ya sami tata, ta ƙudurta ba za ta naɗe hannu tana jiran irinsa ba. Wannan tunanin daidai ne, kada wani ya sa ki ji kamar rawar kai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2021, ta ce mace ta fara gwajin HPV daga shekara 30, mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau kuma daga 25. Ke kina 38 ba a taɓa duba ki ba, lokaci ya yi har ya ɗan gota. Don haka haƙura gaba ɗaya ba ta cikin shawarata. Yi a ɓoye ma ba shi zan fara miƙa miki ba, zan gaya miki dalili in mun je wurin.

Sai dai akwai tambayar da ba ki taɓo ba, kuma ita ce gaba da komai. Kina ganin jini bayan kwanciyar aure? Ko tsakanin al'ada da al'ada? Ko wani ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ko ciwon mara da baya da ya daɗe? In akwai ko ɗaya, ki ture zancen bincike da tsinken auduga gefe, ki nemi ganin likitar mata cikin makon nan. Gwajin da aka yi muku tayi na masu lafiya ne, waɗanda ba sa jin komai, don a tare abu tun bai zama ciwo ba. Mai alama kuwa dubawa take buƙata. Sau da yawa irin waɗannan alamomin sanyi ne ko wani abu mai sauƙi, amma likita ce za ta faɗi haka, ba mai kemis ba. In lafiyarki ƙalau, to mu ci gaba a tsanake.

Ƙwayar HPV ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Iri-iri ce, sun fi 100, kuma kusan duk wanda ya taɓa kusantar iyali, mace ko namiji, zai gamu da ɗaya daga cikinsu a wani lokaci na rayuwarsa bai sani ba. Ba zazzaɓi, ba ƙaiƙayi. A cikin mutum goma, kusan tara jikinsu ne ke kawar da ita da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Damuwar tana wurin 'yan kaɗan ɗin da ƙwayar ta ƙi barinsu, ta zauna a bakin mahaifa tana ɓata fatar wurin sannu a hankali. Ba duka ire-irenta ne ke kai wa ga sankara ba, goma sha wani abu ne, kuma biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙar ƙwayar da ciwon, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Daga shigarta zuwa zamanta sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mace mai ƙarfin garkuwar jiki. A cikin wannan doguwar tazarar ake kama abin a kashe shi tun yana ɗan tabo, damar da Inna ba ta samu ba ke nan. Ba ita kaɗai ba kuwa: a 2020 an ƙiyasta mata kimanin 12,000 ne suka kamu a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu, galibinsu don an makara. Ki kuma cire tsoron gado a ranki. Ƙwaya ce ke kawo shi, rasuwar Inna ba ta nufin an rubuta miki irin nata.

Yanzu maganar abokiyar zamanki, wadda na san ita ta fi yi miki zafi ko da ba ki faɗa ba. Abin da ta ji kuskure ne, kuma kuskure ne da ke kashe mata, domin shi ke sa matar kirki ta ce ai ni ban da abin da zai kai ni gwaji. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗaukar ƙwayar. Gwajin ba ya faɗin ranar da ta shiga, ba ya faɗin daga wa ta zo. Tana iya lafewa a jiki shekaru masu yawa na'ura ba ta ganinta, sai daga baya ta bayyana. A gida irin naku, in an same ta a jikinki, tana iya kasancewa tun daga aurenki na fari, tana iya kasancewa daga maigida ta zo, shi ma daga auren halal ɗinsa, kuma babu likitan da zai iya rantsuwa a kan ɗaya daga ciki. Maza ma ba a yi musu wannan gwajin a matsayin awo na yau da kullum, don haka ba yadda za a yi a ce bari a auna shi a gano mai laifi. Babu mai laifin da za a gano. Duk wanda ya ɗauki wannan sakamakon ya mai da shi shaidar cin amana ya zalunci mace da abin da ilimi bai ce ba, kuma kin san nauyin ƙazafi a addininmu.

Ba na so ki riƙe ta a rai. Mai yiwuwa kishi ne ya yi magana, mai yiwuwa kuma tsoro ne, domin ita ma ta san miji ɗaya kuke tarayya. Gaskiyar da ke ciki ita ce duk abin da ya shafe ki a wannan fannin ya shafe ta, ita ma tana buƙatar gwajin kamar yadda kike buƙata, wataƙila ma ta girme ki. Ba yanzu za ki gaya mata haka ba, da zafin maganarta a zuciyarki zai fito kamar ramuwa. Ki bari sai ƙura ta lafa.

Tambayarki ko abin da kika ɗebo da hannunki zai yi daidai, ita ce ainihin tambayar da masu bincike suka shafe shekaru suna yi, kuma sun sami amsa mai gamsarwa. Tsohon gwajin da aka sani, dole ma'aikaciya ta sa ƙarfen buɗe gaba ta ga bakin mahaifa da idonta ta karto daga daidai wurin, domin fatar wurin ake dubawa a madubin likita. Gwajin HPV kuwa ƙwayar yake nema, ita kuma in tana nan tana zubowa cikin ruwan gaba, ba sai an kai ga bakin mahaifar ba. A 2018 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani babban nazari da Marc Arbyn na ƙasar Beljiyam da abokan aikinsa suka yi, inda suka tattara bincike masu yawa daga ƙasashe daban-daban. Sun gano cewa in aka yi amfani da nau'in gwajin da ake kira PCR, wanda ke ninka 'yar alamar ƙwayar har na'ura ta gan ta, samfurin da mace ta ɗebo da kanta yana gano tabon da ke iya zama sankara kamar yadda na hannun ma'aikaciya ke ganowa. In kuwa tsohon nau'in gwaji ne wanda ba ya ninkawa, na hannun mace yakan ɗan gaza. Shi ya sa in kin koma, ki tambaya kai tsaye: gwajin naku na PCR ne? Ma'aikaciyar za ta san abin da kike nufi.

Ba kuma a kanmu aka fara ba, wannan ki riƙe shi don maigida. Ƙasar Holan ta sa shi cikin tsarinta na ƙasa tun 2017. Ostareliya ta buɗe shi ga duk macen da ta isa gwaji a watan Yulin 2022. Amurka ta amince da shi a 2024, mace ta ɗebo da kanta a cikin asibiti. Wanda ya fi burge ni shi ne na lardin Jujuy a ƙasar Ajantina, yankin talakawa mai duwatsu, inda ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa bin gida-gida da tsinken. A cikin matan da aka kai wa har gida, kashi 86 cikin 100 sun yi gwajin, a cikin waɗanda aka ce su je asibiti kuwa kashi 20 ne kawai suka je. Kunyar nan da kike ji da wahalar barin gida, matan can ma suna fama da su.

Yadda ake yi ba wuya. Za a ba ki tsinken a rufe cikin leda ko 'yar kwalbar roba. Ki wanke hannu, ki riƙe shi ta gindi kada audugar ta taɓa komai, ki tsuguna ko ki ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera. Ki sa shi a hankali kamar tsawon ɗan yatsa, wasu ma akwai jan layi a jiki da ke nuna iyaka, ki juya shi yana shafar gefe da gefe kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, ki zaro ki mayar cikin kwalbar ki rufe. Ya fi siririn yatsanki siranta, ba ya taɓa mahaifa, ba ya hana haihuwa, kuma babu wani magani a jikin audugar da zai shiga jikinki. Ɗebowa yake yi, ba zubawa ba. An fi so a yi ba lokacin al'ada ba, in kuma kina zaton ciki ki faɗa musu tun farko. In ma hannunki ya yi rawa abin bai ɗebu sosai ba, yawancin na'urorin suna nuna cewa samfurin bai isa ba, sai a ce ki sake.

Za ki ce to in an riga an tabbatar, binciken me ake yi kuma? Wanda ya rage galibi na yadda abin zai yi aiki a wuri irin namu ne. Shin tsinken zai jure zafin bazara kafin ya isa ɗakin gwaji? Mata sun fi son yi a gida ko a asibiti? Ta waya za a faɗi sakamako ko baki da baki? Wadda aka samu da ƙwayar za ta dawo kuwa? Wasu binciken suna gwada sabon tsinke ko sabuwar na'ura, wasu ma fitsari suke gwadawa. A irin waɗannan akan buƙaci mace ta ɗebo da kanta, sannan ma'aikaciya ita ma ta ɗebo don a kwatanta biyun. Na faɗi wannan ne musamman dominki, tunda gudun a buɗe ki ne ya sa abin ya kwanta miki. Ki tabbatar wane iri ne naku kafin ki sa hannu, kada ki shiga ɗaki ki tarar da abin da ba ki shirya masa ba.

Mu zo kan Hajiya. Ba zan ce mata ta manta ba, kuma ke ma kada ki yi mata gardama a kan wannan, domin abin da take tunawa ya faru. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a binciken da ya haɗa yara kimanin 200. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ya nemi yardarsu da baki kuma ciwon ne ya kashe yaran, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Maigida ma da ya ce ba za a yi gwaji da matarsa ba, ni kishin kare ki na ji a ciki, ko da ya faɗe shi da kaushi. Abin da ya kamata su ji shi ne a can magani aka ɗura wa yara marasa lafiya da ba za su iya cewa a'a ba, a nan kuwa babbar mace ce mai lafiya za ta ba da ɗan ruwan jikinta da yardarta, ba allura, ba maganin sha.

Amma shakkarsu tana da amfani, ki yi aiki da ita. Tun 2007 Najeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma duk bincike a kan mutane dole sai kwamitin ɗa'a ya duba ya amince kafin a fara. Ki ɗauko takardar nan da kika zo da ita ki duba. Ya kamata ki ga sunan asibiti ko jami'ar da ke binciken, sunan shugaban binciken da lambar wayarsa, da shaidar amincewar kwamitin ɗa'a da yadda za a same su in akwai ƙorafi. In da Turanci take kuma bai zauna miki ba, haƙƙinki ne a ba ki da Hausa ko a karanta miki dalla-dalla a gaban wanda kika yarda da shi, a kuma ba ki kwafi ki tafi da shi. Ki tambaya ina za a kai samfurin, nan zai tsaya ko za a fitar da shi waje, kuma za a ajiye ragowar don wani binciken ko za a zubar. Ki tambaya ko za a haɗa da gwajin ƙanjamau, domin wasu suna haɗawa, kuma gara ki sani tun farko. Ki tambaya wa zai ga sakamakonki, kuma wace lamba za a kira. In wayar gida ce da kowa ke ɗauka, ki ce kin fi so ki zo da ƙafarki ki karɓa. Takardar za ta ce kina da ikon fita duk lokacin da kika so ba tare da an canza miki fuska a rigakafin yaranki ba. Kuɗin motar kuwa na mota ne, kada ya zama shi ne dalili. In kika ga ana hanzarta ki, ana cewa sa hannu kawai Hajiya ba komai, ko aka kasa nuna miki amincewar kwamiti, ki tattara mayafinki ki fito.

Tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi ita ce: in an same ni da ƙwayar, sai me? Wa zai duba ni, a ina, yaushe, kuma wa zai biya? Nan ne shirye-shirye da yawa ke yin rauni. A auna mace a ce tana da ƙwaya, sannan a bar ta da fargaba ba mataki na gaba, wannan bai taimake ta ba. Bincike na gari yana da amsar wannan a rubuce.

Ga abin da zai biyo baya, don ki shirya. In ba a sami ƙwayar ba, kin huta na shekara 5 zuwa 10 kafin ki sake, kuma mafi yawan mata nan suke faɗawa. In an samu, ba a ce kina da sankara ba. An ce ne ke ce ya kamata a duba da kyau. A nan fa tsinken ya gama aikinsa, dole a kalli bakin mahaifar da ido, akan shafa masa wani ruwa mai ɗan tsami, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Na san wannan ne abin da kike gudu. Kina da damar cewa mace kike so, kina da damar shiga da 'yar'uwarki, a lulluɓe ki da zane, kuma mintuna kaɗan ne. Ke da kika haihu sau biyar kin wuce abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. In an ga tabo ƙarami, akan kashe shi nan take da wata 'yar na'ura mai ɗumi da ake ɗorawa a wurin ƙasa da minti ɗaya, ko a daskarar da shi da sanyi, in ya fi haka girma a yanke shi da wata 'yar waya. Ba a cire mahaifa, ba a kwantar da ke. Sai dai bayan haka za ki yi makonni kina ganin ruwa, za a ce ki ƙaurace wa shimfiɗa kusan wata guda, kuma ki dawo bayan shekara a sake gwadawa.

Kin ga dalilin da ya sa ban bi shawarar ƙawarki ba. Ɗebo samfurin a ɓoye abu ne mai sauƙi, amma abin da ka iya biyo baya ba ya ɓoyuwa. Wata guda a gidan da ake rabon kwana, me za ki ce? In kuma maganar ta fito daga baya, za a bar zancen lafiyarki a koma zancen me ya sa kika ɓoye, sai maganar abokiyar zamanki ta sami wurin zama. A doka, ke babbar mace ce, yardarki ake nema, sa hannunki ya isa. Amma ke za ki ci gaba da zama a gidan, kuma na fi so ranar da sakamako zai fito ya zamana mijinki ya riga ya san ma'anarsa. Bayanin da aka yi kafin sakamako ilimi ne a kunnensa, wanda aka yi bayan ya fito kuwa zai ji shi kamar kare kai.

Ina ganin inda aka samu tangarɗa shi ne maganar ta faɗo a gaban jama'a, har Hajiya ta sa baki, kuma namiji in ya furta a'a a gaban mahaifiyarsa, janyewa tana yi masa wuya. Ki sake ɗauko ta ranar girkinki, bayan ya ci ya huta, ku biyu kawai. Kada ki fara da kalmar bincike, ita ce ta tsaya masa a wuya. Ki fara da Inna. Ki ce masa: "Ka san yadda Inna ta ƙare, har yau abin bai bar raina ba. Ba na so wata rana ka yi ta yawo da ni asibiti-asibiti kana sayar da abin hannunka, ga yara ƙanana. Akwai awon da ake yi tun mutum yana lafiya, kuma wannan ni zan yi da hannuna, ba namijin da zai gan ni. Ban so in yi komai ba da saninka ba, shi ya sa na kawo maka takardar. Don Allah mu je tare ka yi musu duk tambayar da ke ranka, in ba su gamsar da kai ba mu dawo." Maza da yawa in aka ba su matsayin mai bincikawa a madadin iyali, sukan sauko. In ya yarda ya je, ki roƙi ma'aikaciyar tun kafin ranar ta yi masa bayanin nan da bakinta, cewa samun ƙwayar ba shaidar komai ba ne a kan kowa. Daga bakinta zai fi shiga.

In bai sauko ba, kada ki mai da abin rigima a daren. Ki nemi wanda yake jin maganarsa, yayansa ko amininsa, ko wani ma'aikacin lafiya a dangi, ko malamin da yake girmamawa. Neman magani abu ne da addini ya kwaɗaitar, malami mai ilimi ba zai rasa abin faɗa masa ba. Hajiya kuma ki je mata da ladabi ke kaɗai, ki ce kin ji maganarta kuma ita ta sa kika koma kika yi tambayoyi, ga abin da aka ce. Tsoho in ya ga an ɗauki gargaɗinsa da daraja, yakan yi laushi.

In kuma ya tsaya a kan cewa bincike ne ba ya so, to ki bar masa binciken. Ba dole ba ne sai ta wannan ƙofar. Abin da kike buƙata shi ne a duba ki, kuma ana yin haka ba tare da shiga wani bincike ba, a sashen mata na manyan asibitoci da wasu wuraren tsarin iyali, wani lokaci kuma ƙungiyoyi kan shirya na kyauta. Ki tambayi ita wannan ma'aikaciyar ina ake yi kusa da ku da nawa ne, da ranar da mace ke aiki. Wataƙila a can ba za ki sami na ɗebowa da kai ba, sai na dubawa da ido, wanda bai kai na HPV kaifi ba kuma ana maimaita shi duk bayan shekara uku, amma ya fi zama haka nesa. Idan har ya hana wannan ma, ya ce ba bincike ba asibiti, to maganar ta wuce ta ra'ayi, ta zama ta haƙƙin lafiyarki, sai ki sanar da iyayenki ko waliyyinki su zauna da shi. In kuma wata alama daga cikin waɗanda na lissafa ta bayyana ana cikin wannan jan ƙafar, ki sanar da shi za ki asibiti, ki kira wani naki ya raka ki, kada ki jira a gama shawara.

Ba ki faɗa min ko akwai mata a cikin 'ya'yanki ba. In akwai, tun watan Oktoban 2023 Najeriya ta sa rigakafin HPV cikin na yara, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya ce kuma kyauta. A wurin da kike kai auta za ki tambaya. Wannan ma kada ki yi shi a bayan idon mahaifinsu, ki haɗa shi cikin tambayoyin da za ku yi in kun je tare.

Gobe ko jibi ki fara da abin da ke hannunki: ki karanta takardar daga farko har ƙarshe, ki kira lambar da ke jiki ki tambayi ranar da za su rufe ɗaukar mutane, don ki san yawan lokacin da kike da shi na lallashi. Ki rubuto min yadda kuka yi da maigida, in akwai inda ya tsaya sai mu sake dubawa tare. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya raya miki zuri'a, ya daidaita tsakaninku.